Shekarar da Na Ƙi Tsoma Hannu Cikin Lalle

Rakiya ta ce in fara daga haihuwata, na ce mata a'a. Haihuwata babu wanda ya taɓa gardama kanta. Abin da ake gardama kansa cikin gidan ga, shekara huɗu ke nan, ludayi ne, don haka daga ludayi za mu fara. Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, abin da na sani na karatu shi ne wanda nike salla da shi. Rakiya ɗiyar ƙanena, wadda ke koyar da yara a Gene, ita ke riƙe da alƙalami, ni ke riƙe da magana, kuma na faɗa mata in ta gama za ta karanta mini shi tun daga farko, in na ji kalmar da ba tawa ba sai ta goge ta.

Ku ɗiyana da jikokina, kun san abin da ake faɗi. An ce ranar sa lallen Balkisa, ni Hajo mai awo, kakarta da ta haifi uwarta, na ƙi taɓa ta da hannuna, na ɗauki ludayin fura na zuba mata lalle kamar ana ba kare tuwo. Wasu sun ce auren ne ba ni so. Wasu sun ce raina mutanen Gaya, dangin ango, na yi don ba su kawo abin da na zata ba. Ludayin gaskiya ne, na ɗauka. Sauran duk ƙarya ne. Balkisa, ke nike so ki karanta wannan a hankali, kada ki tsallake ko layi guda.

Shekara arba'in da wani abu na yi ina awo cikin kasuwar Malanbil, gefen masu albasa. Shinkafar fadama, geron Madekali, dawa da waken da mutanen Tumbutu ke kawowa bisa amalanke, duk sun bi ta hannun ga. Ko da ido rufe, in na tura hannu cikin buhu sai in gaya maka geron bana ne ko na bara, na tudu ne ko na bakin gulbi. Kuma tun ina budurwa babu wanda ya taɓa ganin tafin hannuna fari. Lalle kan lalle, wani bai kai ga kwance ba na ɗora wani. Direbobin manyan motoci da ba su san sunana ba cewa suke a kai su wurin mai jan hannu. Ina faɗin wannan don ku gane mi na bari, ba don in yabi kaina ba, ko da yake hannun ya cancanci yabo.

Shekarar da nike ba ku labari, na ji wani kullutu ga nonona na hagu ina wanka. Na yi shiru da shi wata uku, har Isufu, ɗana na Paraku, ya zo ya ga yadda nike ɗaga tiya ina ciza leɓe. Shi ya kai ni babbar likita can, wato asibiti. Sunka ce daji ne, sunka yanke nonon, sunka ce saura magani, wanda suke ce ma shimiyo, ruwa ne da ake rataye bisa ƙarfe yana ɗiga cikin jijiya, duk bayan mako uku. A kasuwa na ce na tafi yi ma matar Isufu wankan jego, kuma ba ƙarya ba ce duka, don ta haihu. Mutum uku kaɗai sunka sani: Isufu, matarsa, da Hadiza uwar Balkisa. Na sa su rantsuwa. Gashi ya zube, kallabi ya rufe. Gurbin nono, tsumma ya cika. Na ɗauka na gama da ɓoyo.

Sai bayan ruwa na uku na lura da akaifuna. Lallen da na zo da shi ya riga ya kwance, don a likita ba a barin mutum ya ƙunsa. Ga kowace akaifa wani baƙin layi ya gitta, kuma da na duba da kyau sai na ga ba guda ba ne, uku ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar alamar da gulbi ke bari ga ganga in ya ja baya. Ruwa na huɗu, layi na huɗu ya fito daga gindin akaifa. Wallahi tsoro bai fara zo mini ba, mamaki ne. Na ce ashe jikin mutum yana riƙe da ƙidayarsa da kansa. Jijiyar da suke huda ga hannu ita ma ta yi duhu tun daga wuyan hannu har gwiwa, da rassanta, ta kwanta a karkace kamar Kwara, gulbinmu, in ka hange ta daga bisa gada. Harshena ya yi tabo. Daga nan ɗige-ɗige sunka fara fitowa, ƙanana, baƙi-baƙi, irin wanda muke ce ma tawadar Allah. Ni da anka haifa da guda ɗaya tak ƙarƙashin ido, sai ga su ga tafin hannu, ga tafin ƙafa, tsakanin yatsu, yau biyu jibi biyar. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne inda sunka zaɓa. Duk jikina baƙi ne, ba su ga wurin zama ba sai ɗan wurin da Allah ya bar mini da haske.

Akwai wata Bafillata daga wajen Kandi da kujerarta ke kusa da tawa ɗakin ƙarin ruwa. Mukan jera hannuwa bisa gwiwa muna gwadawa kamar 'yan mata ranar salla. Ita akaifunta sun yi baƙi ƙirin baki ɗaya, babu layi, tafin hannunta kuwa tas. Wata can ƙarshen ɗaki, magani ɗaya da nawa, ko ɗigo babu gare ta.

"Hajo," in ji Bafillatar, "ke kam zabuwa za ki koma kamin a sallame ki."

"Gara zabuwa," na ce mata. "Ke dubi akaifunki, kamar wadda ta kwana tana tonon gawayi."

Munka yi dariya har mai kula da mu ta leƙo. Allah ya jiƙan Bafillatar nan, ba ta kai damina ba.

Da anka gama ruwa na shida na komo gida, sunka ce in dawo bayan wata biyu. Mako na farko a kasuwa, wata mai sayen shinkafa ta tsaya tana kallon tafin hannuna maimakon ta kalli tiya. Sai ta ce ta fasa. Ranar nan da yamma na aika anka daka mini lalle, na ƙunsa hannu da ƙafa, kwana uku a jere, har ya yi baƙi-baƙi. Ɗige-ɗigen sunka nutse ciki kamar ba a taɓa yin su ba. Na ji daɗin dabarata ƙwarai. Da ranar komawa ta zo kuma na ƙara sabo, don in je ma lokotoro mai duba ni da kyan gani, kada ya ce tsohuwar Malanbil ta sake jiki.

Lokotoron ɗan Paraku ne, da Dandanci muke magana da shi. Ya duba wurin ɗinki, ya ce ya yi kyau. Ya ce in buɗe hannu. Na shimfiɗa mashi su biyu da alfahari. Ya dube su, ya dube ni, ya tuɓe gilashinsa ya aje.

"Mama, wa ya ce ki yi wannan?"

"Wa ke ce ma mace ta sa lalle? Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau har ya hana ni aiki. Ina ɗige-ɗigen da na gani kwanaki?"

"Suna nan ƙarƙashi. Na lulluɓe su, sanyi suke ji."

Bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, abin da ban taɓa ganin lokotoro ya yi ba, ya ce in saurara. Ya ce cikin fata akwai wasu ƙananan abubuwa da aikinsu shi ne yin launi, maganin da ya shiga jinina ya tayar da su. Duhun akaifa da na jijiya da na harshe, yawanci in magani ya bar jiki su ma sannu-sannu suna tafiya. Tawadar da ta fito kuwa wata takan zauna har ƙarshen rai, kuma mafi yawansu ba su da wata illa. Amma cikin taro akan samu guda da ba ta zama wuri ɗaya, tana girma, bakinta ya karkace, ta yi launi biyu, ko ta yi ƙaiƙayi, ko ta yi jini. Irin wannan ita ake tsoro, don tana iya zama wani dajin na daban, na fata, kuma ga mutane baƙaƙe irinmu tafin hannu da tafin ƙafa ne ya fi son fitowa. In an gan ta da wuri, wuƙa ƙarama ta ishe ta. In an rufe ta, sai ta yi tafiyarta cikin duhu.

Ni kuwa tambayoyi sunka cika mini baki. Na ce don mi tafin hannu? Don mi ni, ba wadda ke ƙarshen ɗaki ba, alhali ruwa ɗaya anka rataya muna? Tawadar tana nan dama a ɓoye maganin ya fiddo ta, ko shi ya ƙirƙire ta? Ya amsa abin da ya amsa, sauran ya buɗe hannu ya ce, "Mama, wannan ba mu gama sani ba." Tun ranar na yarda da mutumin ga. Na yi shekara arba'in cikin 'yan kasuwa, ban cika jin namiji ya ce bai sani ba.

Ya ce daga yau babu lalle. Ya ce in samu mai karatu ya riƙa auna su da ɗan ma'aunin roba irin na 'yan lakwal yana rubutawa. Na ce to, amma cikin raina na ce wa zan kira cikin gida ya duba mini tafin ƙafa, gobe unguwa duk ta ji? Kuma ni za a koya ma awo?

Lallen ya ɗauki kusan wata biyu yana kwancewa. Kullum da hantsi ina zama bakin ƙofa ina kallon ɗige-ɗigen suna tasowa daga cikin ja, kamar duwatsun tsakiyar gulbi in rani ya yi. Sai na samu kwalin ashana na sa ƙwaya huɗu ciki: riɗi guda, gero guda, dawa guda, wake guda. Duk ranar Juma'a, in rana ta ɗaga daidai katangar maƙwabta, sai in ɗauki ƙwaya in aza kusa da kowane ɗigo. Na ƙafa da madubi nike dubawa. Na san su duka kamar yadda na san masu kawo mini kaya. Akwai tagwaye ga diddigen hagu, riɗi-riɗi. Akwai wani dogo tsakanin yatsu, gero, ba ya motsi. Yawancinsu riɗi ne sunka tsaya riɗi. Har nakan yi musu magana. Da na kai ma lokotoro kwalin, ya zazzage ƙwayoyin bisa tebur ya auna su ɗaya-ɗaya da robarsa, ya kira abokin aikinsa ya gwada mashi. Ya ce in wata ta fara tafiya wajen wake kada in jira ranar da anka ba ni, in kira.

Guda ɗaya ce ta ƙi zama. Ga tafin hannun dama take, gindin babban yatsa, daidai inda bakin tiya ke zama. Farko riɗi ce. Bayan salla ƙarama ta cika gero. Na ce ko idona ne, na canza ƙwayar, na ɗauko wani geron, ta dai cika shi. Juma'a huɗu bayan nan gero ya yi mata kaɗan, ta kusa dawa, kuma gefenta ɗaya ya yi kamar waken da ƙwaro ya ci, tsakiyarta ta fi bakinta duhu. Na sa Isufu ya kira. Lokotoro ya ce in zo ranar Talata bayan kwana goma, ya kuma ce ma Isufu ya maimaita mini sau biyu: kada komi ya taɓa wurin, ba lalle, ba toka, ba magani na gida, yana son ya gan ta da launinta na gaskiya.

Sa lallen Balkisa ranar Alhamis ne, kwana biyar kamin wannan Talata.

Ku yara na yanzu da kuke kiran mai zane ta zo da leda da ƙaho, bari in gaya muku yadda ake yi gidanmu tun kakannina. Ana kwaɓa lalle cikin ƙwarya sabuwa. Kakar amarya ta wajen uwa, in tana da rai, ita ke fara tsoma hannun dama har wuyan hannu, ta dumbuzo, ta kama hannuwan amarya biyu ta haɗa cikin nata, ta riƙe su hakanan har mata su gama waƙa. Ba a wanke wannan hannu sai ya bushe. Bayan biki, duk wanda ya ga tsohuwa da hannu guda ja ya san ta aurar da jika, kuma da yardarta anka yi. Kakata ta yi mini, uwata ta yi ma Hadiza. Ni kuwa tun Balkisa tana goye nike ce mata, ke dai ki girma, hannun ga naki ne.

Ranar Laraba da safe, muna jera kwanoni ɗakin Hadiza a Madekali, na gwada mata tafin hannuna na faɗa mata abin da lokotoro ya ce.

"Inna, tsomawa ɗaya fa. Ki tsoma, ki riƙe ta, ki zame ki wanke."

"Lallen da dangin ango sunka aiko na gani. Irin wanda ke kamawa kamin ki gama bisimilla ne. Kuma in wanke gaban wa?"

"To ki yi da hagu."

"Ke Hadiza, da hagu? In aurar da ɗiyarki da hagu?"

Sai Hadiza ta ce, "To mu faɗa ma Hajiya Mariyama gaskiya. Ita ma mutum ce."

Hajiya Mariyama gwaggon ango ce, ita ta raine shi, ita ke da faɗa cikin gidansu can Gaya. Lokacin neman aure ita ta ƙetaro ta bi unguwa tana tambaya ko gidanmu akwai kuturta, ko hauka, ko farfaɗiya. Kuma da kunnena na taɓa jin ta gaban rumfata, tana zancen wata yarinya da uwarta ta mutu da ciwon nono, ta ce irin wannan gida ba a ɗauko mace cikinsa, ga nono ake shan abin. Ban ga laifinta sosai ba, haka mutane da yawa ke cewa. Amma na san in ta ji, ko auren bai mutu ba, Balkisa za ta shiga gidan da duk ranar da ta yi ciwon kai sai a dubi ƙirjinta, duk ɗan da ta shayar sai a yi gulma. Na ce ma Hadiza rantsuwarki na nan. Ta ce to mi zan yi gobe. Na ce ban sani ba tukuna.

Da la'asar ranar Alhamis gida ya cika. Matan Gaya sun ƙetaro cikin jirgi da kayan kiɗansu, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiya, an fito da Balkisa lulluɓe da farin zane an zaunar. Sunka aje ƙwarya gabana. Ba zan ɓoye muku ba, da ƙamshin lallen nan ya buge ni, da lemun tsamin da anka matsa ciki, hannuna da kansa ya fito daga mayafi. Wata takwas ban ƙunsa ba. Na ce ma raina, Hajo, ɗigo ne fa, bai kai ko wake ba, kin tsallake wuƙa babba, wannan zai kashe ki? Yatsuna sun kai bakin ƙwarya. Sai na tuna Bafillatar Kandi, yadda ta taɓa ce mini ita ma da farko abin nata bai fi ƙwayar gujiya ba. Na duba gefe, ga ƙwaryar fura da anka kawo ma baƙi, da ludayi a ciki. Na ɗauko shi, na goge da bakin zane, na ɗebo lalle, na zuba cikin tafin Balkisa.

Ta miƙo hannuwa tana jiran ɗumin nawa, ta ji sanyin duma. Na ga yatsunta sun ƙanƙame. Ta ɗaga gefen lulluɓi kaɗan, da ido ɗaya ta dube ni. Mai waƙa ta tsaya tsakiyar baiti.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Mariyama. "Hajo, yau kuma fura muke damawa?"

Wasu sunka yi dariya, wasu sunka kama baki.

"Ko amaryar taku ƙazwa gare ta ba ku gaya muna ba? In akwai abin da ke hana a taɓa ta, ku faɗa tun jirgi bai tashi ba."

"Jikata ta fi duk wanda ke wurin ga tsabta," na ce.

"To mi ya hana hannunki?"

"Hannuna nawa ne."

Abin da ya fito mini ke nan. Na yi shekara huɗu ina juya wannan amsa, na samu goma da sunka fi ta, amma ranar ita ta zo. Hajiya Mariyama ta naɗe hannun rigarta, ta tuɓe awarwaro ta miƙa ma ta kusa da ita, ta ce, "To mu namu na kowa ne." Ta tsoma har wuyan hannu, ta kama hannuwan Balkisa ta haɗa cikin nata. Sunka ɗauki waƙa daga inda ta tsaya. Ni ina zaune da ludayi bisa cinya, ina kallon kafaɗun yarinyar suna rawa ƙarƙashin zane. Kowace amarya tana kuka ranar lalle, amma ni na san wannan ba shi ba ne.

Talata ina Paraku. Lokotoro ya aza wani ɗan gilashi mai fitila bisa ɗigon, ya daɗe yana kallo. Na ce ya bar ni in leƙa ni ma, ya juya mini hannu ya riƙe gilashin. Abin da ido ke gani baƙi ɗaya, a ciki launi uku ne, da layuka kamar kunyoyin gona, wasu sun bi hanya wasu sun kauce. Da ba jikina ba ne da na ce abin sha'awa ne. Ranar nan ya yanke ta, ɗinki biyar, ya sa cikin kwalba anka aika Kwatanu, babban birni, a duba. Bayan mako shida amsa ta zo. Ya ce ba ta zama daji ba, amma ba irin mai zama lafiya ba ce, gara da ta fita.

"Da na bar ta za ta zama?"

"Watakila ta zama, watakila ta tsaya nan har ki shekara ɗari."

"Da na tsoma hannun fa, na zo maka bayan wata biyu?"

"Mama, ban sani ba."

Wannan karo kam ban ji daɗin gaskiyarsa ba. Na so ya ce da kin mutu. Da ya faɗi haka da na koma gida da abin da zan riƙe.

Balkisa, za ki ce don mi ban kira ki ke kaɗai na faɗa miki ba. Da farko don ke amarya ce sabuwa, kuma tun kina ƙarama fuskarki ba ta iya riƙe magana, gwaggon mijinki kallo ɗaya za ta yi miki ta karanta. Na ce bari ki zauna tukuna, bari ki haihu. Kika haihu, ba ki aiko in zo wanka ba. Kika zo ganin gida, kika gaishe ni daga bakin ƙofa, takalmi ga ƙafa. Sai ni ma zuciya ta ɗauke ni, na ce yarinyar da na tauna ma abinci da bakina, ta yarda cewa ina ƙyamarta? To ta zauna da yardarta. Shekara ta farko don ke na yi shiru. Sauran ukun don kaina ne, kuma wannan laifina ne, Rakiya ki rubuta shi yadda na faɗa. Uwarki ta roƙe ni sau nawa in kwance mata rantsuwa na ƙi. Kada ki riƙe ta da komi.

Layukan akaifa sun daɗe da fita, sun bi akaifar sun tafi ƙarƙashin reza ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe har na ji kewarsa. Kwarar da ke ga hannuna ta dushe, sai in na miƙa shi cikin rana ake ganin inda ta bi. Ɗige-ɗigen suna nan, tagwayen diddige na nan riɗi-riɗi, kuma har yau duk Juma'a ina fiddo kwalin ashana. Watan jiya da na koma, lokotoro ya tambaye ni ɗiya mata nawa gare ni da jikoki mata nawa, na lissafa mashi. Ya ce sun san abin da ya same ni? Na ce in ba Hadiza ba, a'a. Ya ce ba ga nono ake shan shi ba, wannan zancen mutane ne, amma a wasu gidaje yakan bi jini, kuma macen da ta san uwarta ko kakarta ta yi shi takan duba kanta ta zo da wuri. Ya ce, kin iya tsaron ɗigo kamar riɗi, kin bar mutane goma sha ɗaya ba su san abin da za su tsara ba. Shi ya sa na kira Rakiya da alƙalaminta. Dukanku mata, ku duba kanku in kuna wanka, in kun ji abin da ba ku sani ba kada ku yi wata uku irin nawa. Hajiya Mariyama kuma in ta ji ta ji. Balkisa, ɗiya biyu kika haifa musu, ba ta da jirgin da za ta maido ki ciki.

Kamin in fito na tambaye shi lalle. Ya duba hannuwan da gilashinsa ɗigo-ɗigo, ya ɗauki hotonsu, ya ce shekara uku babu wanda ya motsa. Ya ce hannu ya yarda sau ɗaya, yanzu, don ya kwance kamin in komo. Ƙafa bai yarda ba.

Uwarki ta ce ƙaramar ɗiyarki tana da tawadar Allah bayan kunne. Ta haihuwa ce, na san ba komi ba ne, amma ina son in ga ko riɗi ce ko gero, ki zo da ita. Na sayi ƙwarya sabuwa, na sa an daka lallen Gaya, lemun tsami na nan. Ranar Alhamis da la'asar ina ƙarƙashin dalbejiyar uwarki. Ba sai an kira masu waƙa ba, na san baitocin. Ki tuɓe takalmi, ki kawo hannuwanki biyu. Akwai tabon ɗinki gindin babban yatsa, za ki ji shi in na riƙe ki.